Yadda Ake Sarrafa Kashin Aladu Ba Tare da An Gurɓata Ruwa da Iska Ba

Wanda ya yi niyyar kiwon aladu yakan fara lissafi da kuɗin gini, kuɗin abinci da yawan 'ya'yan da kowace uwa za ta haifa, sai ya jingine maganar kashi da fitsari har ranar da wari ya isa gidajen maƙwabta ko ruwan rijiya ya sauya ɗanɗano. A ganina da wannan maganar ya kamata a fara, domin filin da zai iya shanye takin shi ne ke nuna yawan aladun da ya dace mutum ya ajiye, kuma duk wanda ya wuce wannan iyaka to ragowar takin nasa a ruwan jama'a ko a iskar da suke shaƙa zai ƙare.

Lissafin ba shi da wuya. Aladen da ake kiwatawa, mai nauyin kilo 60 zuwa 100, yana fitar da kimanin lita 5 na kashi da fitsari a haɗe kowace rana, uwa mai shayarwa kuwa takan ninka wannan. Aladu 100 ke nan suna ba da lita 500 a yini, wato lita 90,000 cikin kwana 180, tun ba a haɗa da ruwan wanki ba. Dangane da sinadarin naitirojin, wanda shi ne amfanin takin kuma shi ne haɗarinsa, kowane gurbin alade ɗaya, wato wurin alade guda da ake cikewa da wani duk lokacin da aka fitar da na ciki, yana tara wajen kilo 10 zuwa 12 a shekara. Tarayyar Turai ta kafa doka a 1991 wadda ta hana zuba fiye da kilo 170 na naitirojin daga takin dabbobi a kan hekta ɗaya cikin shekara a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari, kuma ko inda wannan doka ba ta aiki, ma'auni ne mai amfani: aladu 100 suna buƙatar gona ta hekta 6 zuwa 7. Mai kiwon da ba shi da wannan fili sai ya rage garken, ko ya ƙulla yarjejeniya da manoman da za su riƙa kwashe takin tun kafin ya kawo aladen farko.

Idan taki ya fi abin da shuka ke iya sha, naitirojin yakan rikiɗe ya zama naitiret, wanda ƙasa ba ta riƙe shi, ya bi ruwan sama ya gangara zuwa ruwan da rijiyoyi ke ɗiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitiret a kowace lita ta ruwan sha, musamman saboda jarirai, domin yana hana jininsu ɗaukar iskar oksijin har leɓɓansu su yi shuɗi. Ba shi da launi ko wari, tafasa ruwan kuma ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi saboda ruwan da ya ƙone. Sinadarin fosfaras shi kuma yana manne wa ƙasa, sai zaizaya ta kwashe su tare zuwa tafki ko kogi, inda gansakuka ke bunƙasa, ta mutu, ta ruɓe, ta cinye iskar da kifaye ke rayuwa da ita. A yankin Biretan na arewa maso yammacin Faransa, inda ake kiwon fiye da rabin aladun ƙasar, naitiret da koguna ke kai wa teku ya sa koren ciyawar ruwa ke taruwa a bakin gaɓa tana ruɓewa, har a 2009 wani doki ya mutu, mahayinsa ya suma, sakamakon iskar da ke tashi daga wannan ruɓa.

A fara gyara daga kwanon abinci

Alade yana riƙe kimanin sulusin naitirojin da ya ci ne kawai, sulusi biyu kuma su fita, mafi yawa ta fitsari. Saboda haka duk furotin da aka ba shi fiye da buƙatarsa asara ce sau biyu, an saye shi da tsada sannan ya dawo ya zama wari. Ƙaramin alade yana buƙatar furotin mai yawa, amma buƙatar tana raguwa yayin da yake girma, don haka a raba abincin zuwa matakai biyu ko uku gwargwadon nauyi maimakon a ciyar da kowa da haɗi ɗaya. Idan aka rage furotin da maki ɗaya cikin 100, aka cike gurbin da sinadaran da furotin ya ƙunsa irin su laisin, iskar amoniya da ke tashi daga kashin takan ragu da kusan 10 cikin 100 ba tare da girman dabbar ya tsaya ba.

Yawancin fosfaras da ke cikin hatsi da waken suya a ɗaure yake ta yadda cikin alade ba ya iya narkar da shi, shi ya sa ake haɗa abincin da wani sinadari da ake kira faitas, wanda ke kwance shi, sai a rage fosfaras da ake ƙarawa, wanda ke fita a kashi ma ya ragu sosai. A kuma yi hattara da tagulla da zinki da ake sa wa abincin ƙananan aladu don hana gudawa da saurin girma, domin kusan dukkansu fita suke yi, kuma ba sa ruɓewa, taruwa suke yi a ƙasa shekara bayan shekara. Tarayyar Turai ta hana ba da zinki mai yawa a matsayin magani daga 2022, kamar yadda ta hana amfani da magungunan kashe ƙwayoyin cuta don ƙara girma tun 2006. Irin waɗannan magunguna a bar su sai likitan dabbobi ya ga dalili, saboda ragowarsu da ƙwayoyin cutar da suka daina jin su duk a taki suke fita.

Tun ran gini ran zane

Babban kuskuren da na fi gani shi ne mai da ruwa tsintsiya. Ana zuwa da tiyo a kora komai zuwa kwata, ɗaki ya yi fes a ido, alhali kuwa lita 500 ta koma 2,000, abin da baro zai iya ɗauka ya zama ruwan da sai an gina masa rami, takin kuma ya tsinke har bai cancanci a yi dakonsa zuwa gona mai nisa ba. Abin da ya dace shi ne a fara kankare kashin da shebur a bushe, sau ɗaya ko biyu a rana, a kai shi wurin ajiya, sannan a ɗauraye daɓen da ruwa kaɗan. A sa wa rufin ɗakin indararo da zai kai ruwan sama wani wuri daban, a haƙa magudana a gefen tudu domin kwararar ruwa ta zagaye wurin, a kuma riƙa duba famfunan shan ruwa, domin guda ɗaya mai ɗiga yana iya zubar da lita masu yawa kafin gari ya waye.

Kankarewa da wuri tana da wani amfanin da ba kowa ya sani ba. Fitsarin alade yana ɗauke da yuriya, wato sinadarin da manoma suka sani a buhun takin zamani, kashin kuma yana ɗauke da abin da ke farfasa yuriya ya mai da ita amoniya cikin 'yan sa'o'i. Muddin biyun suka haɗu suka kwanta a daɓe, sai iskar ta fara tashi, ta sa ido hawaye, ta raunana huhun aladun da na mai kula da su, daga baya ta sauka a kan dazuzzuka da ruwaye ta sauya musu yanayi. Daɓen siminti mai gangaren santimita 2 zuwa 3 a kowace mita yana sa fitsari ya gudu zuwa magudanarsa kafin ya jiƙa kashin.

Halin aladen ma yana taimakawa idan an fahimce shi. Duk da sunan ƙazanta da aka laƙaba masa, yakan zaɓi kusurwa ɗaya mai sanyi da damshi, nesa da kwanon abinci da makwancinsa, ya mai da ita ban-ɗakinsa. Idan aka sa famfon sha a ɓangaren da daɓen ya gangara, aka bar ɓangaren sama a bushe da shimfiɗa, za a tarar da kashin a wuri guda kowace safiya. Wannan tsari yana rushewa ne idan zafi ya yi yawa ko an cunkushe su, domin alade ba ya zufar da za ta sanyaya shi, sai ya kwanta cikin fitsarinsa neman sanyi. Wanda ya ga aladunsa sun fara yin kashi ko'ina, jikinsu ya yi dama-dama, ya duba inuwa, iska da yawansu a ɗakin kafin ya ɗora wa dabbobin laifi.

Ramin ajiya da haɗarinsa

Ruwan taki da ba makawa sai ya taru a adana shi a rami da aka daɓe da siminti, ko aka shimfiɗa wa leda mai kauri ta musamman, ko aka dandaƙe da yumɓu sosai. Ramin da aka haƙa kawai a ƙasa mai rairayi yana tsiyaya a ɓoye, kuma mai shi yakan yi murna cewa raminsa ba ya cika, bai san rijiyar kusa ce ke karɓar abin da ya ɓace ba. Ya kasance aƙalla mita 50 daga rijiya, burtsatse ko idon ruwa, a ƙasan gangare daga gare su, kuma ba a inda ambaliya ke kaiwa ba. Girmansa ya isa ɗaukar takin dukan watannin da ba a iya zubawa a gona, haɗe da ruwan saman da zai faɗa ciki, a kuma bar aƙalla rabin mita tsakanin saman ruwan da bakin ramin. A Danmak abin da aka saba buƙata daga masu kiwo shi ne wurin ajiyar da zai ɗauki takin wata tara.

Jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta ga abin da sakaci a nan ke jawowa. A watan Yuni na 1995 bangon wani kududdufin taki ya ɓalle, kimanin lita miliyan 95 suka malala zuwa kogi suka kashe kifaye masu ɗimbin yawa. Jihar ta dakatar da gina sababbin manyan gidajen aladu a 1997, ta haramta sababbin kududdufai irin waɗannan gaba ɗaya a 2007, amma tsofaffin sun ci gaba da aiki, kuma mahaukaciyar guguwa ta 1999 da ta 2018 duk sun sa wasunsu sun tumbatsa.

Rufe ramin, ko da da yankakken tattaka mai kauri ne da zai yi ɓawo a samansa, yana rage amoniya da wari sosai. Kwashe shi a kan kari kuma yana rage iskar metan, wadda taki ke fitarwa idan ya daɗe kwance cikin ruwa babu iska, kuma wadda ƙarfinta na ɗumama duniya ya ninka na hayaƙin kabon fiye da sau 25 cikin shekara 100.

Akwai maganar da nake so kowane mai kiwo ya gaya wa iyalinsa da ma'aikatansa da bakinsa. A ƙarƙashin ɓawon ramin akwai iskar haidirojin salfaid a narke, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma da zarar an motsa ruwan domin a kwashe, sai ta taso gaba ɗaya cikin 'yan mintuna. Ta fi iska nauyi, don haka takan kwanta a cikin ramin da ƙasan ɗaki. Idan ta kai wajen 100 cikin miliyan na iskar wurin, hanci yakan daina jin warinta, sai mutum ya ɗauka ta wuce, idan kuwa ta haura 700 numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya kayar da ƙato. Sau da yawa mutum biyu ko uku ne ke mutuwa a rami ɗaya, na farko ya faɗi, na biyu ya shiga ceto, na uku ya bi sahu. Kada a motsa rami sai an fitar da dabbobi, an buɗe ko'ina, akwai iska mai kaɗawa, kuma mutum biyu na wurin suna tsaye ta ɓangaren da iska mai kaɗawar ke busowa, domin ta ɗauke iskar ramin nesa da su. Kada kowa ya shiga rami, ko da ya ga kamar babu komai a ciki, sai da na'urar numfashi mai tukunyar iska da igiya a ƙugu. Ƙyalle ko takunkumin ƙura ba sa tare wannan iska. A kuma kewaye ramin da shinge saboda yara, domin ɓawon samansa yakan yi kama da busasshiyar ƙasa har ciyawa ta tsiro a kai.

Ruɓar da kashi ya zama taki

Ga mai garke ƙarami ko matsakaici, wannan ce hanyar da na fi amincewa da ita. Ɗanyen kashin alade yana iya ɗauke da ƙwayoyin salmonela, da masu sa gudawa, da ƙwan tsutsar ciki wanda ke rayuwa a ƙasa shekaru, kuma zafin juji ne ke kashe su. Kashin shi kaɗai ya cika laima da naitirojin, saboda haka a cakuɗa shi da busasshen abu kamar tattaka, ƙaiƙayi, buntun shinkafa, yankakken kara ko dusar katako, kimanin baro biyu na busasshen ga baro ɗaya na kashi. A tara shi a kan daɓe, ƙarƙashin rumfa, tsayin mita ɗaya da rabi, faɗin mita biyu, a yi ɗan rami a gefe da zai tare ruwan da ke tsatsowa a riƙa mayar da shi kan jujin.

Hannu da hanci sun isa su nuna ko aikin yana tafiya. A sa safar hannu, a damƙi haɗin daga tsakiya a matse: idan ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu ya jiƙe da yawa, idan ya warwatse da an buɗe hannu ya bushe, daidai shi ne ya dunƙule kamar soson da aka matse, ɗigo ɗaya ko biyu su fito. Bayan kwana biyu ko uku a soka ƙarfe har tsakiya a bar shi minti goma, idan aka zaro shi ya yi zafin da ba a iya riƙe shi da daɗewa, to juji ya kama, kuma da sassafe za a ga tururi na tashi idan an buɗe shi. Ma'aunin zafi mai dogon baki ya fi tabbas. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ga jujin da ake juyawa ita ce ya riƙe digiri 55 na Salsiyos ko fiye har kwana 15, a juya shi sau biyar a cikin wannan lokaci, domin abin da ke gefe ya shiga tsakiya ya sami rabonsa na zafi. Warin amoniya mai hawa ka yana nufin a ƙara busasshen abu, warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma yana nufin laima ta yi yawa iska ba ta shiga, sai a juya a sassauta. Cikin wata biyu zuwa huɗu zai yi baƙi, ya yi laushi, ya daina zafi ko an juya shi, ya riƙa ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko.

Tukunyar samar da gas ita ma hanya ce mai kyau ga wanda takinsa na ruwa ne. Ana rufe takin babu iska na kimanin wata ɗaya, a ɗumi na wajen digiri 35, ƙwayoyin halitta su fitar da gas wanda kusan 60 cikin 100 nasa metan ne, a yi girki ko a kunna janareta da shi. Sai dai tukunyar da ke yoyo tana sakin metan ɗin da aka gina ta don a kama, ruwan maganin wanke ɗaki kuma yana kashe ƙwayoyin da ke aikin. Abin da ake yawan mantawa shi ne naitirojin da fosfaras suna nan daram a ruwan da ke fitowa daga tukunyar, don haka hekta 6 zuwa 7 ɗin nan ba su ragu ba.

Kai taki gona

A zuba taki lokacin da shuka ke gab da buƙatarsa, wato dab da shuka ko lokacin da amfanin ke girma. Kada a zuba a ƙasar da ta jiƙe sharkaf, ko ta daskare, ko a gangare mai tsanani, ko idan ana sa ran ruwa mai ƙarfi cikin kwana ɗaya ko biyu. Taki mai yawa a ƙasa mai jiƙa yana kuma fitar da iskar naitiros oksaid, wadda ta ninka hayaƙin kabon kusan sau 270 wajen ɗumama duniya. A bar tazarar aƙalla mita 10 daga bakin kogi ko tafki da mita 50 daga rijiya, kamar yadda ƙa'idar Ingila ta tanada, kuma a bar ciyawa ta tsaya a wannan tazara domin ta tare abin da ruwa ya kwaso. Amoniya ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an watsa taki, saboda haka a bi shi da garma a rufe a ranar, da yamma ko da safe lokacin da babu zafi da iska mai ƙarfi.

Takin alade ya fi yawan fosfaras idan aka gwada da abin da yawancin shuke-shuke ke buƙata, don haka gonar da ake ba ta taki gwargwadon buƙatarta ta naitirojin kowace shekara tana tara fosfaras a hankali. A riƙa kai ƙasar gwaji duk shekara uku ko huɗu, a juya takin tsakanin gonaki, wadda fosfaras ɗinta ya hau a hutar da ita. Ga kayan lambu da ake ci ɗanye, takin da ya ruɓe sarai kaɗai ya dace. Idan ɗanye aka zuba, ƙa'idar noma marar sinadari ta Amurka ta ce a bar kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa.

Mushe ma yana cikin wannan lissafi. A watan Maris na 2013 an tsamo matattun aladu fiye da 16,000 daga kogin Huwangfu da rassansa, kogin da birnin Shanghai na ƙasar Sin ke sha daga cikinsa. Aladen da ya mutu a sanar da likitan dabbobi idan ana zargin annoba, sannan a binne shi a rami mai zurfi nesa da ruwa, inda gindin ramin bai kusanci ruwan ƙasa ba, a rufe da ƙasa aƙalla mita ɗaya domin karnuka kada su tono shi. Rijiyar gidan da ta maƙwabci mafi kusa kuwa a kai ruwansu gwajin naitiret da ƙwayoyin cuta tun kafin a fara kiwon, sannan sau ɗaya kowace shekara bayan ruwan sama ya yi yawa, a rubuta sakamakon a littafi guda tare da ranakun da aka kwashe rami da gonar da aka kai takin.